Jirgin da ke Rabewa a Fagen Fama: Dabarar Yaƙi ko Amsa Laifi?

A ranar 28 ga Satumba, 1987 gidajen talabijin na Amurka suka fara nuna shirin Star Trek: The Next Generation, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro. Tun masu kallo ba su gama haddace sunayen taurarin shirin ba, sai aka nuna musu abin da tsohon Star Trek na shekarun 1960 bai taɓa nunawa ba. Wata halitta mai suna Q ta tare jirgin Enterprise-D, ta kuma biyo shi da gudun da ba shi da halin tsere mata. Kyaftin Jean-Luc Picard ya ba da umarni a tattara iyalai a sashen sama na jirgin, shi kuwa ya sauka da hafsoshinsa zuwa wani ɗakin umarni na daban. Maƙallai suka saki, jirgi ɗaya ya zama biyu. Faffaɗan sashen nan mai siffar faifai ya wuce da mata da yara, gangar jikin da ke ɗauke da injuna ta juyo ta fuskanci abokin gaba. Abin da masu sha'awar wannan fage kan manta shi ne yadda ya ƙare: da gangar jikin ta juyo, Picard miƙa wuya ya yi.

Mai nazarin ƙagaggen labarin kimiyya ba ya ɓata lokaci wajen tambayar ko abu zai yiwu a zahiri, domin wannan aikin injiniya ne. Abin da ke gabansa shi ne ya duba ko labarin ya kiyaye dokokin da ya gindaya wa kansa. Idan aka auna rabewar jirgi da wannan ma'auni, za a tarar ba ta ƙara wa jirgin ƙarfin yaƙi, hasali ma rage masa take yi. Inda take da fa'ida shi ne ceton rai da yaudarar abokin gaba. A jirgin Picard kuwa, rabewar ta fi kama da amsa laifi, domin maƙeransa sun ɗora ƙananan yara a kan jirgin da suka san zai shiga yaƙi, sannan suka nemo masa ƙofar fita.

Yadda aka tsara jirgin

Andrew Probert ne ya zana Enterprise-D. A cikin labarin, tsawonsa ya kai mita 642, yana da hawa 42, yana kuma ɗauke da mutane fiye da 1,000, ma'aikata da iyalansu. A cikin faifai ne ɗakunan kwana suke, da makaranta, da asibiti, da babban ɗakin umarni. Gangar jiki ita ke da tukunyar makamashi, da dogayen hannuwa biyu masu injin da ke sa jirgin ya wuce gudun haske, da bututun harba makamai masu linzami, da wani matsattsen ɗakin umarni da aka keɓe domin yaƙi. Tunanin ya girmi shirin. Tun a 1967, a cikin kashin "The Apple", Kyaftin Kirk ya umarci injiniyansa ya yar da hannuwan injin in ta kama, ya tsere da babban sashen jirgin, sai dai ba a nuna hakan a hoto ba.

Duk wanda ya taɓa ganin direban tirela ya kwance bodi a gefen titi ya tafi da kai kaɗai, ya fahimci manufar. Kai ya yi sauƙi, yana juyawa yadda ya ga dama, kaya kuma suna nan suna jiransa. Sai dai bodin tirela a bakin hanya yake, inda motoci ke wucewa, ga gari kusa. Faifai kuwa ba shi da injin wuce gudun haske. Littafin bayanin fasahar jirgin, wanda Rick Sternbach da Michael Okuda suka fitar a 1991, ya taƙaita gudun ƙananan injunansa a kashi ɗaya cikin huɗu na gudun haske. Tauraro mafi kusa da rana yana nesa da ita da tafiyar haske ta shekara 4 da ƴan watanni. Ke nan faifan da aka saki a tsakiyar sarari zai shafe kimanin shekara 17 kafin ya isa maƙwabci mafi kusa. Idan gangar jiki ta ci nasara, za ta dawo ta ɗauke shi. Idan ta sha kashi, abokin gaba ba ya ma bukatar gaggawa, zai gama abin da yake yi ya zo ya tsinci mata da yara kamar yadda ake tsintar kaza ɗaurarriya.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lura da ita ba. Mafi tsawon layukan bindigogin haske na jirgin a jikin faifai suke, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Haka nan faifai yana da nasa injunan da ke taimakawa da makamashi. Saboda haka kwamandan da ya sallami faifai ya sallami manyan bindigoginsa tare da shi. Shi kansa Kwamanda Riker ya kafa hujja da bukatar wannan makamashi lokacin da ya ƙi shawarar raba jirgin a karon farko da aka kawo ta a yaƙin Borg.

Matsala mafi girma ita ce ta lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwashe ɗaruruwan mutane daga wannan sashe zuwa wancan, da sauya ɗakin umarni, da sakin maƙallai, duk suna bukatar kwamanda ya san da zuwan yaƙi tun kafin ya iso, alhali masifa ba ta aiko da goron gayyata. A mafi yawan kason shirin, jirgin kan tafi bincike ne ko kai ɗauki, sai kawai ya tsinci kansa cikin wuta. In an raba tun da wuri, an bar iyalai ba mai gadi a kan abin da mai yiwuwa ba komai ba ne. In an jira a tabbatar, lokaci ya ƙure. A kashin "Contagion" na 1989, jirgin Yamato, wanda ƙirarsu ɗaya da Enterprise-D, ya tarwatse da duk mutanen cikinsa a gaban idon Picard, ikon rabewar bai ceci ko mutum ɗaya ba. Ba abin mamaki ba ne da aka ga cewa a cikin kashi 178 na shirin, sau uku kacal aka raba jirgin.

Sau ukun nan

Na farkon an riga an ambace shi. Na biyu ya zo a 1988, a kashin "The Arsenal of Freedom", kuma shi kaɗai ne ya bi ƙa'idar da aka shimfiɗa. Geordi La Forge, wanda ragamar jirgin ta faɗo hannunsa, yana fama da wani makami marar matuƙi da ba a iya gani a kewayen duniyar Minos. Ya janye jirgin daga wurin, ya raba shi, ya tura faifai zuwa wani sansani, sannan ya koma da gangar jiki. To, amma da me ya ci nasara? Ya ja makamin ne zuwa cikin iskar duniyar, inda gogayya ta tona asirin inda yake, aka harbe shi. Basira ce ta yi aiki. Abin da rabewar ta ba shi shi ne kwanciyar hankalin yin kasada ba tare da yara a bayansa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ƙarin ƙarfi ba ne.

Na ukun shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. A 1990, a kashi na biyu na "The Best of Both Worlds", Borg sun kama Picard, sun mayar da shi ɗaya daga cikinsu, duk abin da ya sani ya zama nasu. Da wannan sani suka rugurguza jirage 39 a Wolf 359, mutane kusan 11,000 suka halaka. Riker ya san cewa Picard yana da labarin shawarar raba jirgin, don haka Borg ma suna da shi. Maimakon ya watsar da ita, sai ya yi amfani da ita a matsayin tarko. Borg suka mai da hankali kan gangar jiki, inda suka san ƙarfi yake, suka yi biris da faifai. Faifai, ƙarƙashin Kwamanda Shelby, ya cika sarari da tartsatsin wuta, a cikin wannan hayaniya wani ɗan ƙaramin kumbo ya sulale da Data da Worf, suka kutsa suka ɗauko Picard.

Dabara ce mai kyau, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan rabewa suke da ita. Amma a lura da abubuwa biyu. Ba a yi wa jirgin Borg wata illa ta a zo a gani ba, sata aka yi masa. Sannan an juya manufar faifai gaba ɗaya: sashen da aka ƙera domin ya nisantar da fararen hula daga yaƙi, shi aka tura tsakiyar wuta, kuma shirin bai nuna an sauke iyalai kafin nan ba. Faifan ya samu rauni a injinsa, abin da ya cece shi shi ne Borg sun ga ba su da lokacinsa, suka kama hanyarsu ta zuwa duniyar ɗan Adam. Yaudara irin wannan sau ɗaya take ci.

Jirgin Prometheus da lissafin da bai fita ba

A 1998 shirin Star Trek: Voyager ya zo da sabon salo a kashin "Message in a Bottle". Jirgin Prometheus ba ya ɗauke da iyalai, domin yaƙi aka ƙera shi. Yana rabewa gida uku, kowane sashe da nasa injin wuce gudun haske da nasa makamai, kwamfuta kuma tana sarrafa su su auka wa abokin gaba ta fuska uku. A kashin, mayaƙan Romulan da suka sace shi sun nakasa wani jirgin da ya biyo su da wannan salo, daga bisani wasu likitoci biyu na kwamfuta, waɗanda ba su san komai game da tuƙi ba, suka tarwatsa babban jirgin yaƙin Romulan da shi. Fage ne mai ƙayatarwa. Sai dai ƙayatarwa daban, lissafi daban.

A ƙaddara jirgi yana da bindiga 3, kowace tana harbi ɗaya a minti, wutar abokin gaba kuma tana bukatar minti 3 kafin ta karya garkuwarsa. Dokar Star Trek ita ce garkuwa tana shanye duka har sai ta karye, don haka jirgin zai yi harbi da dukan bindigoginsa har ƙarshe, wato harbi 9. Yanzu a raba shi uku, kowane sashe da bindiga ɗaya da sulusin garkuwa. Abokin gaba mai hankali zai tara wutarsa a kan sashe ɗaya. A minti na farko za a yi masa harbi 3, a na biyu 2, a na uku 1. Jimla 6. An yi asarar sulusin ƙarfi ba tare da abokin gaba ya ƙara komai ba.

Wasu kan kawo dokar Frederick Lanchester ta 1916, wadda ta nuna yadda rinjayen yawa ke ninka ƙarfin runduna fiye da yadda ido zai zata. Hausawa sun riga shi faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma karin maganar yana magana ne a kan ƙarin mutane, kowa da nasa hannu. Bai ce in an datsa ƙato gida uku an samu mayaƙa uku ba. Rabewa ba ta haifar da sabuwar bindiga ko ɗaya.

Ga kuma batun faɗin jiki. Dunƙulen sabulu wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suke daidai yana da fuska 6. In aka yanka shi biyu, sababbin fuskoki biyu sun bayyana, abin da ruwa zai taɓa ya tashi daga 6 zuwa 8, shi ya sa yankakken sabulu ya fi saurin ƙarewa. Haka jirgi yake: makamashin bai ƙaru ba, amma jikin da garkuwa za ta lulluɓe ya ƙaru. Kafin a kai ga wannan ma, an riga an biya wani farashin tun a maƙera. Jirgin da zai zama uku dole ya ɗauki injuna kashi uku, da na'urar garkuwa uku, da maƙallai, da bangaye ninki biyu a duk inda sassan suka haɗu. Ƙananan hannuwan injin sashen sama na Prometheus a naɗe suke a cikin jikinsa, ba sa aikin komai muddin jirgin yana haɗe. Wato a haɗe yana dakon kayan da ba ya amfani da su, a rabe kuma kowane sashe bai kai jirgin da aka ƙera shi cikakke tun asali ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Adalci ya wajabta a faɗi inda masu wannan ra'ayi suke da gaskiya. Kai hari ta fuska biyu tsohuwar dabara ce mai ci. A 1798, a gaɓar Abu Ƙir kusa da Iskandariyya a Masar, jiragen ruwan Faransa sun yi sahu sun kafa anga, suna zaton ta ɓangaren teku kaɗai za a zo musu. Wasu jiragen Nelson na Ingila suka ratsa tsakaninsu da gaɓa, inda bindigogin Faransawa ba su cikin shiri, aka sa su a tsakiya. Faransa ta rasa 11 daga cikin manyan jiragenta 13. A Star Trek ma ana yawan jin kwamanda yana cewa a karkata makamashi zuwa garkuwar gaba ko ta baya, don haka wanda aka zo masa ta ko'ina ba shi da inda zai rage ya ƙara wa wani. Haka kuma, idan abokin gaba yana da makamin da ke kashe kowane jirgi da bugu ɗaya, komai girmansa, to lissafin baya ya juye: gara ya zama sai ya yi bugu uku.

Duk wannan gaskiya ne, amma hujja ce ta mallakar jirage uku. Nelson bai tsaga jirginsa ba, jirage ne da shi masu yawa, kowane cikakke da kyaftin ɗinsa. Ƙananan jirage uku za su kewaye abokin gaba kamar yadda Prometheus ya yi, ba sa bukatar maƙallai, ana iya aika su wurare uku a rana ɗaya, in ɗaya ya lalace sauran biyun ba su zama guntaye ba. Kowannensu kuma yana da mai tunani a ciki. Sassan da kwamfuta ɗaya ke ja daga nesa rayuwarsu ta rataya ne a kan igiyar sadarwa, kuma fim ɗin Star Trek Beyond na 2016 ya nuna abin da kan biyo baya: dubban ƙananan jiragen da suka yayyaga Enterprise kamar fara, da aka dagula saƙon da ke haɗa su sai suka dinga karo da juna. Abu ɗaya da ya rage wa Prometheus shi ne mamaya, wato abokin gaba ya ga ɗaya sai ya tarar da uku. Daga ranar da labari ya bazu, wannan ma ta ƙare.

Su wa ke cikin faifai?

Tambayar da ta fi lissafin bindigogi nauyi ita ce ta yaran. Roddenberry ya yi mafarkin zamanin da ɗan Adam ya girmi yaƙi, inda jirgi zai zama gari mai tafiya, ma'aikaci ba zai rabu da iyalinsa shekara da shekaru ba. Mafarki ne mai kyau, amma marubutan shirin suna bukatar rikici kowane mako, sai garin nan ya riƙa shiga bakin kura da makarantarsa da komai. Tun a kashin farko Picard ya shaida wa Riker cewa bai saba da yara ba, ga shi an ba shi jirgi cike da su.

Marubutan da suka biyo baya sun ga wannan gibi, kuma ba su rufe shi ba. Shirin Deep Space Nine ya buɗe a 1993 da yaƙin Wolf 359 daga cikin jirgin Saratoga, inda Benjamin Sisko ya ciro ɗansa Jake daga baraguzai, ya bar gawar matarsa Jennifer a cikin wuta. A 1994, da za a aika jirgin Odyssey, ɗan'uwan Enterprise-D a ƙira, zuwa yankin mayaƙan Jem'Hadar, ba a raba shi ba. An sauke duk wanda ba a bukata a tasha, jirgin ya tafi a haɗe da dukan bindigoginsa. Wani jirgin Jem'Hadar ya yi ƙunar baƙin wake a kansa, ya tarwatse, amma waɗanda aka sauke suna raye. Tasha mai abinci da kariya ta fi faifan da ke lilo a sarari. A wannan shekarar ce kuma shirin ya fito da Defiant, ɗan ƙaramin jirgin yaƙi marar makaranta, marar iyali, wanda ko ɗakunan kwanansa gadaje ne masu hawa. Wannan ita ce amsar da ta dace tun farko: a raba aikin tun a maƙera.

Inda rabewa ta cika alƙawarinta babu gardama shi ne fim ɗin Star Trek Generations na 1994. Wani tsohon jirgin Klingon ya gano sirrin garkuwar Enterprise-D, ya yi masa raunin da ya sa tukunyar makamashi ta kama hanyar fashewa. Cikin ƴan mintuna aka kwashe kowa zuwa faifai, aka saki maƙallai. Gangar jiki ta fashe, ƙarfin fashewar ya wurga faifai cikin iskar duniyar Veridian ta uku, ya yi ta jan ciki a daji yana karya itatuwa har ya tsaya, kuma mafi yawan mutanen suka fita da ransu. A nan an juya tsarin: sashen yaƙi ne ya zama abin gudu, sashen iyali ya zama mafaka. Irin wannan ya faru a zahiri a watan Afrilu na 1970, lokacin da tankin iskar shaƙa ya fashe a kumbon Apollo 13, ƴan sama jannati uku suka fake a sashen da aka tanada domin sauka a kan wata har suka kusa gida. Amfanin sassa masu rabuwa ke nan a inda aka gwada su da gaske, kwalekwalen ceto.

Akwai wani dalili na bayan fage da ya sa rabewar ta yi ƙaranci, kuma yana da kyau ɗalibi ya san shi domin kada ya ɗora wa labari abin da aljihu ya jawo. Ɗaukar hoton rabewa yana da tsada, yana kuma tsayar da gudun labari. Babban samfurin jirgin mai ƙafa 6 shi ne ke rabewa, ga shi da wuyar sarrafawa. Ƙaramin samfuri mai ƙafa 4 da Greg Jein ya ƙera a zango na uku, wanda aka koma amfani da shi, ba ya rabewa sam.

A 2023, a zangon ƙarshe na shirin Star Trek: Picard, an ga Enterprise-D ya dawo. An kwaso faifan daga Veridian ta uku, La Forge ya shafe shekaru yana gyara shi, ya haɗa masa injunan wani jirgin mai suna Syracuse. Da lokacin karawa ta ƙarshe da Borg ya yi a kusa da duniyar Mushtari, jirgin ya shiga a haɗe, faifai da gangar jiki, da dukan bindigoginsa. Mutum bakwai ne a cikinsa, dukansu dattawa, babu yaro ko ɗaya.